Tawadar da Ta Cinye Fuskar Baba

Sau biyu Baba ya ɓata. Na farko, ya fita ta ƙofar gida da safe, da 'yar shara a jikinsa da silifas a ƙafa, ba wanda ya gan shi. Na biyu kuwa a kan takarda ya ɓata, a gaban idon kowa, kuma ɗansa na fari ne ya ba da umarni.

Auta ce ƙaramar 'yarsa, ita ce kuma mai jinyarsa, domin a kowane gida akwai wanda ake bar wa tsoho kamar yadda ake bar wa wani wanke-wanke, ba tare da an zauna an yi shawara ba. Ta haura arba'in, tana da shagonta na ɗinkin labule, amma har yau Auta ake ce mata, har yau kuma in manya na magana sai ta jira su gama.

Aikin Baba karanta mitar wuta ne, har ya yi ritaya. Babu lungun da bai taka ba a garin. Yanzu kansa ya zama buhun da ɓera ya huda: sunayen 'ya'yansa sun tsiyaye, sunan matarsa marigayiya ya tsiyaye, ƙafafun ne kawai ba su manta komai ba. Wannan ne abin da ya fi damun Auta. Ta san abin da zai yi. Zai tura ƙofar gidan mutane ya shiga ba sallama, ya tsaya gaban mita yana leƙe. A garin da ake fara dukan ɓarawo kafin a tambayi sunansa, tsoho mai leƙen gidajen mutane ba ya daɗewa da haƙoransa.

Babban yayansu shi ne Ciyaman. Tun da aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar masu sayar da kayan gini sunansa na yanka ya mutu. Matarsa ma Ciyaman take ce masa, Auta kuwa tana zargin ko a cikin addu'a haka yake gabatar da kansa. Da aka gama zagayen asibitoci da ofishin 'yan sanda ba labari, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ku bar min maganar fosta. Ina da mutum."

Kullum yana da mutum.

Auta ta tura masa hoton da ke wayarta, wanda ita ta ɗauka da kanta a baranda, Baba na zaune yana hararar ta don ta hana shi fita. Hoto ne mai kyau. Ga tabon da ya raba girarsa ta hagu biyu, inda ƙofar wani gida ta taɓa sare shi. Ga idon dama da fatarsa ta ɗan sauko. Ga kumatun da suka lotsa. Duk wanda ya kalli hoton nan sau ɗaya, in ya ga Baba a titi zai waiga.

Washegari direban Ciyaman ya sauke ƙunshin fostocin a tsakar gida. Auta ta yanke igiyar, ta zaro guda.

A sama an rubuta CIGIYA. Ƙarƙashinta, da haruffa masu kaurin ƙafar tebur, MAHAIFIN CIYAMAN NA ƘUNGIYAR MASU KAYAN GINI. A can ƙasa lambar wayar Ciyaman, ita ma ta ci ta ƙoshi. Sunan Baba kuwa sai ka matso. A tsakiya, inda ya kamata fuska ta kasance, wani baƙin dunƙule ne kamar gindin tukunya, da fararen ɗigo biyu a madadin idanu.

"Yaya, wannan wane ne?"

"Wane irin wane ne? Ubanki ne."

"Ubana yana da hanci."

Matar Ciyaman ta karɓi fostar ta miƙe hannu da ita tana karkata kai. "Ai kuwa rubutun ya fito raɗau. Daga tsallaken titi ma za a karanta."

"Rubutun ne ya ɓata, Anti?"

"Ke Auta," in ji Ciyaman, yana duba wayarsa. "Ba gasar kyau za a kai shi ba. An riga an buga, ma'aikatana sun tafi mannawa. In kina da abin yi ki yi, in ba ki da shi ki yi addu'a."

Auta ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba. Ta haɗiye maganar ta zauna mata a ƙirji kamar ƙashin kifi.

Kafin rana ta yi tsaka fostar ta cika gari, a jikin turakun wuta, a bangon tasha, a bayan bas. Waya kuwa ta fara ruri. Ashe hoton da bai yi kama da kowa ba, da kowa yake kama. Duk baƙin tsohon da ya zauna shi kaɗai a garin nan sai da wani mai son lada ya buga waya a kansa. Ciyaman ba ya zuwa dubawa, yana da taro. Sai dai ya turo saƙo: Auta, an ga wani a tasha, je ki gani.

Ta je tasha, ta tarar da tsoho mai ƙafa ɗaya. Ta je bakin kasuwa, ta tarar da wani dogo kamar falwaya, alhali Baba da ƙyar yake kai kafaɗarta. A gaban wani banki aka nuna mata wani dattijo da mutane suka kewaye suna ba shi baki, suna ce masa ya kwantar da hankalinsa 'ya'yansa na tafe. Mutumin maigadin bankin ne, a bakin aikinsa yake, ya rantse ya maya cewa bai ɓata ba, su kuwa sai cewa suke ai duk haka suke faɗa. Da Auta ta ce ba shi ba ne, ya bi ta da zagi har bakin titi, ita da ubanta da mai hoton. Ba ta ga laifinsa ba.

Ba ta taɓa sanin garin na da tsofaffi marasa kowa da yawa haka ba. Kowanne ta duba sai ya ɗago kai da sauri, ya ga ba tasa ba ce, ya mayar.

Labarin gaskiya ba ta fostar ya zo ba. Wata mata ce da ta zo karɓar labulenta ta ce ta ji an yi hayaniya a layinsu jiya, wai wani tsoho ya faɗa gidan maƙwabta. Auta ta bar almakashi a kan yadi, ta bi ta.

Matar gidan ta fito da goyo, tana goge hannu da zani. "Ƙwarai, an yi haka. Ina wanki sai ganin mutum na yi a bayana, ya ƙura wa mita ido. Wai in ba shi fensir. Na kwarma ihu, maigidan ya fito da sandar goge-goge. Kin san halin da ake ciki, sai ɓarayi su turo tsoho ya leƙa musu gida."

"Ya doke shi?"

"Bai dai... sau ɗaya ne, a kafaɗa. Da ya tura shi waje ne ya faɗi a bakin kwata, gwiwarsa ta fashe. Ya tashi ya yi can yana ɗingishi."

Auta ta buɗe wayarta ta nuna mata hoton. Matar ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah, shi ne! Ga tabon nan. Wallahi shi ne."

A jikin turken wutar da ke ƙofar gidan, taku kaɗan daga bakin kwatar, fostar na manne. Auta ta nuna ta da yatsa.

"Ga hotonsa nan a ƙofarku. Tun shekaranjiya yake ƙofarku."

Matar ta matsa ta duba, ta dubi wayar, ta sake duban turken. "Wannan? Baiwar Allah, ki ji tsoron Allah. Wannan ai gawayi ne."

Auta ta sa farce ta ɓamɓaro fostar. A gefen ƙasa, da ƙananan haruffa, ga sunan maɗaba'ar da layin da take.

Shagon a ƙarƙashin wani bene yake, dogo, matsattse, yana warin tawada da kananzir. Takardu jibge har rufi, kalandun bara da ba a zo karɓa ba, katunan biki, fostar wani mai maganin ƙarfin gashi. A can ciki wani tsohon inji na ta haɗiyar farar takarda yana amayar da ita da rubutu, da ƙara kamar jirgin ƙasa. Mai injin ƙaton mutum ne mai tumbi, singileti a jikinsa, hannayensa baƙi har gwiwar hannu. Auta ta shimfiɗa fostar a kan aikin da yake dubawa.

"Kai ka buga wannan?"

"Sallama dai, Hajiya. Nan ba caji ofis ba ne."

"Kai ka buga?"

Ya kashe injin. Ya dubi fostar, ya dubi ƙasanta. "Sunan shagona ne a jiki, to ba na musu."

Ta ajiye wayar kusa da takardar, hoto kusa da hoto. "Wannan na ba da. Wannan ka fitar. Jiya an doke shi da sanda a ƙarƙashin takardarka, mutanen na kallonta suna kallonsa. Gaya min abin da ka yi wa fuskar ubana."

Mai injin ya sosa ƙeya, ya bar baƙi a wurin. Ya jawo wani ɗan gilashi mai ƙara girman abu, ya ɗora a kan goshin hoton. "Leƙa nan."

"Ban zo kallo ba."

"Leƙa dai. Tambaya kika yi."

Ta leƙa. Baƙi ne malale, da 'yan ƙofofi farare nan da can, kamar kwaltar da aka zuba kan yashi.

"Hoto a wurinmu ɗige-ɗige ne," in ji shi. "Inda haske yake, ɗigon ƙanana ne, nesa da juna. Inda duhu yake, manya ne, kusa da juna. To baƙin mutum irina, da ke, da tsohon nan, duk kamanninsa a ɗan farin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo suke zaune. In tawada ta yi yawa, kowane ɗigo sai ya kumbura ya rungumi maƙwabcinsa. Farin ya rufe. Hanci ya tafi, kunci ya tafi. Ga takardar kuma mai shan ruwa ce kamar tsumma, ita ma ta ƙara baza shi."

"Wa ya sa ta yi yawa? Aljani?"

Ya kai ta bayan injin. Tawada na kwance cikin wani dogon kwano, mai kauri, tana sheƙi. Ƙarƙashin kwanon jerin ƙusoshi ne masu kan juyawa. "Kowace ƙusa layi ɗaya take shayarwa, daga saman takarda har ƙasa. In na buɗe ta, duk abin da ke layin ya sha. Dubi fostarki. Sunan yayanki a sama, lambarsa a ƙasa, fuskar tsoho a tsakiya. Kwano ɗaya suke ci. In na ƙosar da sunan, fuskar ta shaƙe."

"To don me ka ƙosar da shi?"

"Na farko da na fitar, fuskar ta fito tsaf. Har tabon. Yayanki na tsaye nan inda kike, ya ɗaga takardar ya ce sunan ya yi toka-toka, kamar na wanda ba shi da lafiya. Ya ce in ƙara. Na ƙara. Ya ce in ƙara. Na ce, ranka ya daɗe, hoton fa zai yi duhu."

"Ya ce me?"

Mai injin ya dubi bango.

"Malam, ya ce me?"

"Ya ce ai dama tsohon baƙi ne."

Auta ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta riƙe gefen injin, tawada ta shafe mata tafin hannu, ba ta kula ba. Da ta buɗe baki, ba yayan ta fara ci ba, wanda ke gabanta ta fara.

"Kai kuma ka juya ƙusar."

"Shi ya kawo aikin, Hajiya."

"In ya ce ka ɗura masa tawadar a baki, sai ka ɗura?"

"Da wannan ya fi min daɗi."

Ba ta yi dariya ba. "Ka iya karatu, ko bugawa kawai ka iya? Me aka rubuta a sama? Cigiya. Ba tallan siminti ba ne. Mutum ne ya ɓata, mai jini da tsoka. Ka san abin da zai faru, kai da bakinka ka faɗa, ka kuma sa hannu ka murɗa. Shi jahilci ya yi da girman kai. Kai da ido biyu ka yi."

Can ya ce, a hankali, "Kowa ya shigo nan so yake sunansa ya yi baƙi wuluk. Ɗan takara, mai makaranta, mai maganin gashi. Hannu ya saba."

"To yau zai saba da wani abu. Sauke wannan aikin, ka ɗora nawa."

Ya yi gunaguni cewa masu wancan aikin ma mutane ne, amma ya sauke. Ya tono farantin ƙarfen da aka zana fostar a kai daga cikin wasu da ke jingine a bango, ya kwantar da shi a tebur. Sannan tsoro ya dawo masa. "Farantin nan fa na yayanki ne. Bari in sanar da shi, kada gobe a ce na ci amana." Ya buga waya. Daga inda take tsaye Auta na jin muryar Ciyaman: kada a taɓa komai, ga shi nan tafe.

"In an rage tawada, sunan zai koma toka?" ta tambaya.

"Zai koma. Amma yana nan yana jan rabonsa. In babu shi gaba ɗaya, sai in bi fuskar ita kaɗai, in ba ta daidai cikinta."

"Ana iya goge shi?"

Mai injin ya waiga. Idonsa dai ya sauka kan wata 'yar kwalba da ke kan kanta, da ƙullin auduga a gefenta. Sannan ya juya baya. "Ni rolar shafa tawada zan wanke. In ina wanke rola ba na ganin komai."

Ta jiƙa audugar. Ruwan na da wari mai hawa kai. Ta fara daga MAHAIFIN, ta bi ta kan CIYAMAN, ta murje ƘUNGIYAR da MASU KAYAN GINI, haruffan na narkewa ƙarƙashin yatsunta. Ta sauko ta share lambar wayar. Ta bar CIGIYA, ta bar sunan Baba, ta bar fuskar. Tun da Baba ya fita ba ta yi wani aiki da ya yi mata daɗi kamar wannan ba.

Ya ɗaura farantin, ya ɗaure ƙusoshin tsakiya, ya tayar da injin. Takardun farko baƙi suka fito kamar da, domin rolar na ɗauke da tsohuwar tawada. Sannan a hankali, takarda bayan takarda, wani abu ya fara motsi a cikin duhun. Goshi ya fara fitowa. Karan hanci ya biyo. Auta na tsaye a bakin injin tana kallon ubanta na tasowa kamar mai fitowa daga rijiya.

"Rage," ta ce.

Ya rage. Kumatu suka fito, da layukan gefen baki.

"Rage."

"Hajiya, a hankali."

"Na ce ka rage."

Ya ɗaga kafaɗa ya murɗa. Takardun suka ci gaba da haske, har Baba ya koma wani farin tsoho mai kama da wanda ya shekara a gadon asibiti. Girar ta koɗe, tabon ya narke cikinta, idanun suka zama ruwa-ruwa. Wannan ma ba wanda zai gane shi.

"Kin gani," in ji mai injin. "Ta nan ma ana ɓata."

Ta cije leɓe. "Mayar kaɗan."

Ya mayar, yana zaro takarda yana miƙa mata, tana girgiza kai. Wannan ya yi fari. Wannan goshin ya yi, haɓar ba ta yi ba, ya taɓa wata ƙusa can gefe. Sai ga wata ta fito, ta riƙe ta da hannu biyu. Baba ne, yana hararar ta don ta hana shi fita.

"Nan," ta ce.

"Zan ɗan ƙara mata ƙwaya ɗaya. Ɗanya ce kike gani, in ta bushe tana ja da baya."

"In ka sake cinye masa hanci, cigiyarka za a buga."

Injin na cikin gudu Ciyaman ya shigo, cikin farar shadda, yana tattare ta kada ta taɓa komai. Ya zari takarda ɗaya daga kan tulin, ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Ina sunana?"

"Yana jikin auduga, Yaya. Ga ta can a kwandon shara."

"Ke! Ni kike gaya wa haka? A gaban bare?"

"Baren da ka gaya wa cewa ubanka dama baƙi ne?"

Ciyaman ya harari mai injin. Mai injin ya duƙufa kan ƙusoshinsa kamar yau ya fara ganinsu.

"Ba ki da hankali," in ji Ciyaman. "Kin ɗauka don kaina na sa? Fosta nawa ce a bangon garin nan? Wa ke tsayawa? Sunana ne ke sa mutum ya ja birki, ya ce a'a, mahaifin Ciyaman ne, bari in duba. Wa ya san wani mai karanta mita?"

"Duk gidan da ke da wuta a garin nan ya san shi. Karnukansu ma sun san shi. Sun ja birkin, Yaya, sun duba, sun ga gawayi. Jiya wani ya sauke masa sanda a kafaɗa ya tura shi kwata, sunanka na sama yana sheƙi. Bai tare masa sandar ba."

"An doke shi?"

"Da kana ɗaga waya in na kira, da ka ji."

Ta ɗauko tsohuwar fostar ta haɗa da sabuwar, ta ɗaga su a gaban fuskarsa, ɗaya a kowane hannu. "Zaɓi ubanka."

Ya kai hannu zai ture, sai idonsa ya tsaya kan sabuwar. Ya daɗe yana kallo. Ɗanyar tawada ta shafi bakin hannun shaddarsa, bai lura ba.

"Haka ya rame?" ya ce.

"Tun bara."

"Ba a gaya min ba."

"Ɗakinsa na nan inda yake. Ba a matsar da shi ba."

Ya ajiye takardar. Auta ta ɗauka wata magana ce za ta fito wadda za ta rage mata zafi. Sai ya gyara hularsa ya ce, "Ki yi abin da kika ga dama. Amma ki sani kin yi min rashin kunya." Ya fita yana tattare riga.

"Yayan naki akwai zuciya," in ji mai injin.

"Buga aikinka."

A shagonta ta baje fostocin kan teburin yanka, kan keken ɗinki, kan labulen mutane, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da alƙalami mai kauri tana rubuta lambarta a inda ta Ciyaman ta kasance, har yatsunta suka ƙage. Ta ɗauki bokitin gam da buroshi ta fita. Duk inda ta ga baƙar fostar sai ta shafe ta da gam ta manna sabuwar a kanta. Ta fara daga layin da aka doke shi, ta bi ta inda matar ta ce ya yi. Wani mai shago ya ce ta bar ɓata masa bango, ta dube shi, ya koma ciki.

Wayar ta yi shiru ranar nan. Babu mai ƙafa ɗaya, babu dogo, babu maigadin banki. Shirun ya fi ba ta tsoro.

Da hantsi washegari aka kira. Muryar namiji ce, da ƙarar injin iska a bayansa. "Hajiya, ke ce mai cigiya? Ni mai faci ne, nan bayan gidan mai na hanyar fita gari. Tsohonki na da tabo a gira? Ido ɗaya a lumshe? To ki taho da takalmi, ba shi da ko ɗaya."

Rumfar facin ta kwano ce, tayoyi jibge, da bahon baƙin ruwa na gwada tiyub. A kan wani benci a inuwa Baba na zaune, hannayensa bisa cinya, kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti. 'Yar sharar ta koma kalar ƙasa. An ɗaure masa gwiwa da tsumma, jini ya bushe a jiki. Tafin ƙafafunsa duk sun tsage.

"Tun shekaranjiya da yamma yake nan," in ji mai facin, fostar na hannunsa, ya ɓamɓaro ta da ɗanyen gam. "Shayi da burodi kawai yake karɓa. Na tambaye shi gida, ya ce yana kan aiki. Waccan baƙar takardar na gan ta fa, har na karanta, na ce Allah sarki, mahaifin manya. Ban kawo komai a raina ba. Yau ina buɗe rumfa na ga wannan a jikin turke, na waiga, na ce kai!"

Auta ta durƙusa a gaban bencin. "Baba."

Ya dube ta da ladabi, irin duban da ake yi wa matar gidan da aka shiga. "Sannu, Hajiya. Yanzu zan tafi."

"Baba, ni ce. Auta."

"Madalla," ya ce.

Idonsa ya sauka kan takardar da ke hannun mai facin. Ya miƙa hannu, aka ba shi. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya bi manyan haruffan da yatsa yana motsa baki. Sannan ya tsaya kan hoton, ya daɗe.

"Wannan bawan Allah ɓata ya yi?"

"Ɓata ya yi, Baba."

"Kai, kai, kai. Ga shi da tsufa." Ya girgiza kai. "Ba shi da 'ya'ya ne?"

Mai facin ya juya ya kama wata taya da ba ta buƙatar komai.

"Yana da su," in ji Auta.

Baba ya yi tsaki, ya miƙa mata takardar. "To Allah ya shirye su."

Ta karɓa. Ta zaro takalman daga jaka, ta kama ƙafarsa ta dama, ta fara kakkaɓe tsakuwar da ta shige cikin tsagar.